Djibo Bakary: magajin garin Yamai na farko da ƙuri'ar talaka ta ɗora

A shekarar 1956 Faransa ta kafa dokar da ta bai wa kowane baligi a ƙasashen da take mulka damar jefa ƙuri'a, mace da namiji, mai karatu da marar karatu. A Nijar, mutumin da ya fi kowa cin gajiyar wannan doka shi ne Djibo Bakary, kuma shi ne ya fara gano inda iyakarta take.

An haife shi a 1922 a Soudouré, kusa da Yamai, garin su Diori Hamani, wanda ɗan'uwansa ne. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, ya dawo yana koyarwa. Ya zama babban sakataren jam'iyyar PPN-RDA, amma da shugabannin RDA suka sassauta wa Turawan mulki a farkon shekarun 1950, ya raba gari da su, ya shiga aikin ƙungiyoyin ƙwadago. A 1954 ya kafa jam'iyyar UDN.

Ƙarfinsa ba a fadar sarakuna yake ba. Yana wajen direbobi, ƴan kamasho, mahauta, teloli da ƙananan ƴan kasuwa na Damagaram, Maraɗi da Tasawa, mutanen da ke yawo tasha zuwa tasha suna kai labari inda jarida ba ta isa. Su ne suka yayata sunan Sawaba, kalmar da ƴan NEPU suka riga suka ɗauka a Kano, tare da alamar raƙumi. A ƙarshen 1956 ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko. A watan Maris na 1957 ɓangarensa ya samu kujeru 41 cikin 60 na majalisa, ya jagoranci gwamnatin farko ta ƴan ƙasa.

Sai ga zaɓen raba gardama na 28 ga Satumban 1958. Janar De Gaulle ya ba da zaɓi: a zauna cikin ƙawance da Faransa, ko a karɓi ƴancin kai nan take. Djibo ya ce a'a, kamar Sékou Touré na Gine. Paris ta turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, wanda ya yi amfani da hukuma da sarakuna wajen murƙushe yaƙin neman zaɓen Sawaba. Gaskiya, Djibo da kansa ya sauƙaƙa masa aikin, domin gwamnatinsa ta riga ta ɓata da sarakuna da dama. Masu cewa i suka samu kusan kashi 78 cikin 100, amma akasarin waɗanda ke cikin rajista ba su fito ba ma. A watan Oktoba ya sauka daga mulki. Bayan shekara guda aka haramta Sawaba, ƙasar ta koma hannun jam'iyya ɗaya.

Daga gudun hijira a Mali da Ghana ya zaɓi hanyar makamai. Kutsen 1964 ya ci tura, kuma magoya bayansa na cikin gida ne suka ɗanɗana kuɗarsu: an harbe wasu a bainar jama'a, wasu da yawa suka mutu a gidajen kaso. Wannan shi ne babban tabon tarihinsa.

Ya dawo gida bayan juyin mulkin Seyni Kountché na 1974, aka kama shi a 1975, bai samu walwala ba sai cikin shekarun 1980. Bayan taron ƙasa na 1991 ya tsaya takarar shugabancin ƙasa a 1993, yana da shekara 70 da ɗoriya, ya samu ƙasa da kashi 2 cikin 100. Ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilun 1998. Gadar Farié da ke kan kogin Isa tana ɗauke da sunansa.