Labarin Nana Asma'u 'Yar Shehu

An haifi Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, a Degel cikin 1793. Da ta ga jahilci ya yi katutu ga matan ƙauye, sai ta zaɓi dattawan mata amintattu, ta naɗa kowace jaji, ta ba ta malafa. Jaji kan jawo 'yan taru, tsofaffi da 'yan mata, kamar madugu da ayari, su haddace tsarki da salla cikin waƙoƙinta, su koma su karantar da matan aure. Ta rasu a Sakkwato cikin 1864. Ƙanwarta Maryam, matar marigayi Sarkin Kano Dabo, ta riƙe aikin. Allah ya jiƙansu, amin.