Eadweard Muybridge, mutumin da ya raba gardama kan sukuwar doki

Duk wanda ya taɓa kallon tsere a Filin Sukuwa da ke Nassarawa ya san ido ba ya iya bin ƙafafun doki. Shin akwai lokacin da kofatai huɗun suke barin ƙasa gaba ɗaya? Wanda ya raba wannan gardama shi ne Eadweard Muybridge, mai ɗaukar hoto, haifaffen Ingila a 1830.

Attajiri Leland Stanford, tsohon gwamnan Kalifoniya, ya ba shi aikin a 1872. A 1874 Muybridge ya bindige kwarton matarsa, kuma abin mamaki kotu ta sallame shi. Sai a 1878, a Palo Alto, ya jera kyamarori 12, ya gitta zaruruwa a hanya, doki na bi ta kansu suna ɗaukarsa. Hotunan suka nuna lallai kofatan kan bar ƙasa, amma sa'ad da suka taru ƙarƙashin ciki, saɓanin yadda masu zane suka saba miƙe su.

Ya mutu a 1904. Irin dabararsa Ahmed Zewail na Masar ya bi da walƙiyar hasken leza, ya ga yadda ƙwayoyin sinadarai ke rabuwa, ya karɓi lambar Nobel a 1999.