Edwin Armstrong, mutumin da ya raba rediyo da ƙara

Mu da muka saba kama labarai a gajeren zango mun san takaicin nan: muna zaune a rumfa muna jiran labarin farashin kaya ko na buɗe iyaka, sai akwatin ya ɗauki ƙara, musamman kusa da wayoyin kuran ko da damina in ana walƙiya. Wanda ya samo maganin wannan ƙara shi ne Edwin Armstrong.

An haife shi a birnin New York na Amurka ranar 18 ga Disamba 1890, ya yi karatun injiniyan lantarki a jami'ar Columbia. A 1918, yana soja a Faransa, ya ƙirƙiro hanyar kama tasha wadda har yau yawancin akwatunan rediyo suke aiki da ita.

Ya lura cewa tsohon tsari yana ɗora murya ne a kan ƙarfin igiyar da tasha take aikowa. Tartsatsin wayar kuran da walƙiya su ma ƙarfin nan suke dagulawa, sai akwati ya ɗauke su tamkar magana. Shi kuwa ya ɗora muryar a kan saurin kaɗawar igiyar, ya sa akwati ya yi watsi da hawa da saukar ƙarfi. Wannan shi ne FM, wanda ya samu takardar mallakarsa a Disamba 1933.

Amma kasuwa ba ta yi masa daɗi ba. Babban kamfanin RCA ya ƙi biyansa yadda ya nema. A 1945 hukuma ta sauya wa FM zango, akwatunan da aka riga aka sayar suka zama ba su kama tashoshin. A 1948 ya kai RCA ƙara, shari'a ta yi ta ja har dukiyarsa ta kusa ƙarewa. A farkon Fabrairu 1954 ya kashe kansa.

Matarsa Marion ba ta janye ba. Ta karɓi kusan dala miliyan 1 daga RCA, ta bi sauran kamfanoni ɗaya bayan ɗaya har 1967, ba ta faɗi ko sau ɗaya ba.

Tashoshin FM da muke saurare a Maraɗi, Damagaram da Tawa, murya garau ko da janareto na aiki a maƙwabta, aikinsa ne. Haƙƙinsa kuwa, sai da mace mai haƙuri ta tsaya shekara 13 kafin ya fito.