Muhammad al-Kashinawi

Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi (ya rasu a shekarar 1741) malami ne Bafulatani ɗan Katsina, masanin lissafi da ilimin taurari. Ya yi karatu a Katsina, cikin malamansa akwai Muhammad al-Wali na Bagirmi. Daga baya ya tafi aikin Hajji, sannan ya zauna a Alƙahira ta ƙasar Masar.

An fi saninsa da littafin da ya rubuta da Larabci a 1732 kan hatimi, wato murabba'in da ake jera lambobi a gidajensa ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. A hatimi mai gida uku-uku jimlar 15 ce, a mai tara-tara kuwa 369. Ya bayyana hanyoyin cika hatimin da adadin layukansa ba ya rabuwa biyu daidai, kamar 3, 5 ko 9. Har yau malamai a karkarar Kano na zana hatimi a allo da cikin laya, sai dai ba kasafai ake kallonsa a matsayin lissafi ba.

Ya rasu a Alƙahira, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin masanin tarihi Abdurrahman al-Jabarti.