Ruth Ellis

Ruth Ellis (9 ga Oktoba 1926 – 13 ga Yuli 1955) 'yar Birtaniya ce, kuma ita ce mace ta ƙarshe da aka zartar wa hukuncin kisa a ƙasar. An rataye ta bayan kotu ta same ta da laifin kashe saurayinta, David Blakely.

Farkon rayuwa

An haife ta a garin Rhyl da ke Wales. Ta bar makaranta tana da shekara 14, daga baya ta kama aiki a gidajen rawa na Landan. A 1950 ta auri George Ellis, likitan haƙori, amma auren bai yi ƙarko ba. Tana da 'ya'ya biyu, namiji da mace.

Kisan Blakely

A 1953 ta zama manajar wani gidan rawa a Knightsbridge. A wannan lokaci ne ta haɗu da Blakely, direban tseren mota. Zamansu cike yake da kishi da duka. A farkon 1955 ta yi ɓari bayan ya naushe ta a ciki.

Ranar 10 ga Afrilu 1955, Lahadin Ista, ta harbe shi da ƙaramar bindiga a ƙofar mashayar Magdala da ke Hampstead. Ba ta gudu ba, nan take wani ɗan sanda ya kama ta.

Shari'a da hukunci

An fara shari'arta a kotun Old Bailey ranar 20 ga Yuni. Ta faɗa da bakinta cewa da niyyar kisa ta yi harbin. A lokacin, duk wanda aka samu da laifin kisan kai, rataya ce hukuncinsa. Ba ta ɗaukaka ƙara ba. Dubban mutane sun sa hannu a takardun nema mata sassauci, amma Sakataren Harkokin Cikin Gida, Gwilym Lloyd George, ya ƙi. Albert Pierrepoint ne ya rataye ta a kurkukun Holloway, tana da shekara 28.

Bayan mutuwarta

Ratayarta ta ƙara wa masu adawa da hukuncin kisa ƙarfi. Dokar 1957 ta ba kotuna damar rage laifin wanda hankalinsa ya taɓu. An dakatar da hukuncin kisa kan laifin kisan kai a 1965, aka tabbatar da soke shi a 1969. A 2003 danginta sun nemi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sauya hukuncin, amma kotun ta ƙi.