Teslim Balogun, ɗan ƙwallon da ƙananan ƙungiyoyi suka yi wa suna

Duk matashin da ke buga tamaula a filayen rairayi na Tanut ko Belbeji yana mafarkin zuwa Turai, ya kamata ya san tarihin Teslim Balogun, ɗan Najeriya da ya bi wannan hanya tun kafin ƙasashenmu su samu ƴancin kai.

An haife shi a Legas a zamanin mulkin mallakar Ingila. A lokacin ba wanda ke rayuwa da ƙwallo kaɗai. Kamfanoni da ma'aikatu ne ke da ƙungiyoyi, ƴan wasa su yi aiki da safe, su fita fili da marece. A irin waɗannan ƙungiyoyi ya tashi: Apapa Bombers, UAC, ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa, da Pan Bank. Ya kuma hau Arewa ya buga wa ƙungiyar garin Jos. Ƙarfin bugunsa ne ya sa aka laƙaba masa Thunder, wato aradu, har jama'a suka riƙa ƙaga labarai a kan masu tsaron gida da ke tsoron tare ƙwallonsa.

A 1949 yana cikin tawagar Najeriya ta farko da ta je Ingila a jirgin ruwa. Mafi yawansu ba takalmi suka buga. A wasan farko suka lallasa wata ƙaramar ƙungiya mai suna Marine da ci 5 da 2, amma cikin wasanni 9 biyu kawai suka ci.

A 1955 ya koma Ingila, ya sa hannu da Peterborough United, wadda a lokacin ba ta ma shiga rukunan ƙwararru na ƙasar ba. Bai samu gurbin da ya yi fata ba, sai ya wuce Skegness Town, ƙungiyar wani ƙaramin gari a bakin teku. A 1956 Queens Park Rangers ta Landan, mai wasa a rukuni na uku, ta ɗauke shi. Ya buga mata wasanni 13 a gasar, ya ci ƙwallo 3. Daga nan ya sake gangarawa Holbeach United, wata ƴar ƙaramar ƙungiya.

Wani zai ce tafiyar ba ta yi riba ba. Amma Balogun bai dawo hannu biyu ba: ya zo da takardar shaidar horas da ƴan wasa, abin da ba kasafai ɗan Afirka ke da shi ba a wancan zamani. Ya zauna a Ibadan yana koyar da matasa, kuma yana cikin masu horas da tawagar Najeriya a wasannin Olamfik na 1968 a Meziko. Ya rasu ranar 30 ga watan Yulin 1972. A yau filin wasa na unguwar Surulere a Legas yana ɗauke da sunansa.

Babu babbar ƙungiyar Turai ko ɗaya a tarihinsa. Ƙananan ƙungiyoyi ne suka raine shi, su ne kuma suka karɓe shi lokacin da ƙofa ta rufe. Garin da ya bar ƙaramar ƙungiyarsa ta mutu saboda rashin ƙwallo, riguna da kuɗin mota, kada ya jira ya ga ɗansa a ƙungiyar Mena.