Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, 1865–1944

An haifi Muhammadu Dikko a 1865, Basulluɓe ne, ɗan Durbi Giɗaɗo. Yana Durbin Katsina Turawa suka zo a 1903. Da aka tuɓe Sarki Yero a 1906, sai aka ba shi sarauta.

Kafin zamaninsa, haraji hannun sarki da hakimai ya ke shiga, kowa ya ɗebi rabonsa. Shi da Mista Palmer suka kafa Baitulmali. Daga nan aka yanka wa ma'aikata albashi, aiki kuwa, ko hanya ko rijiya ko gini, sai an yi ƙiyasin kuɗinsa, an rubuta, kana a sa hannu. Hakimai kuma kowa ya koma ƙasarsa ya zauna, har na kudu wajen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, gama mai nesa ba ya ganin ɓarna.

Ya yi aikin hajji a 1921, ya kuma je Ingila. A 1922 aka buɗe Kwalejin Katsina. Ya rasu a 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi. Allah ya jiƙansa, amin.